Yadda ake yawaita maramiyya mai wuyar samu a cikin kwalba

Wanda ya taɓa shan shayi a hannun Bafalasɗine ko mutumin Jodan ya san ƙamshin maramiyya, ganyen nan mai launin toka da taushi kamar kunnen ɗan akuya. Ita ɗaya ce daga cikin dangin da masana tsirrai ke kira Salvia, dangin da ke da nau'i kusan dubu. Ta Larabawan Sham ita ce Salvia fruticosa. Akwai Salvia officinalis ta gaɓar Bahar Rum, akwai Salvia miltiorrhiza ta ƙasar Sin mai jar saiwa, wadda masu maganin gargajiyar can ke kira danshen. Sai kuma farar maramiyya, Salvia apiana, wadda ba ta fitowa a daji ko'ina a duniya sai a kudancin Kalifoniya ta Amurka da arewacin Baja Kalifoniya ta Meziko.

A kan wannan farar zan kafa misali, domin ita ce ke cikin matsi. Ƙabilun asali na yankin, irin su Chumash da Cahuilla da Kumeyaay, sun daɗe suna turare da magani da ita, suna tsinkar abin da suke bukata su bar saura. Da kasuwar duniya ta gano ƙamshinta sai masu kwaɗayi suka shiga daji suna tuge ta har da saiwa. A watan Yunin 2018 an kama mutum huɗu a wani keɓaɓɓen daji na kudancin Kalifoniya da kusan kilo 180 na ganyenta. Ga shi irinta ba ya tsira da kyau, reshenta kuma in an dasa ya fi saurin ruɓewa a kan fitar da saiwa. Shi ya sa ake komawa ga kwalba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1902 wani masani mai suna Gottlieb Haberlandt ya ce ƙwayar halittar tsiro guda ɗaya tana ɗauke da abin da zai iya sake gina tsiron gaba ɗaya. A 1962 Toshio Murashige da Folke Skoog, a Jami'ar Wisconsin, suka fitar da haɗin abincin da suka gwada a kan taba, wanda har gobe ake sayar da shi da sunan MS. Da irin wannan hanya cibiyar IITA ta Ibadan ke yawaita ayaba da doya da rogo marasa cuta. A taƙaice, gaɓa ɗaya za ka yanka, ka wanke ta tas, ka dasa ta a kan abinci mai sukari a cikin rufaffiyar kwalba, ta yi ta 'ya'ya kana rabawa.

Kafin komai ga shawarar da na fi so ka riƙe: kada ka fara da uwar da ba ka da madadinta, wato tsiron maramiyyar da za ka riƙa yankowa daga jikinsa. Je bayan gida ka yanko ɗoɗɗoya ko na'a-na'a. 'Yan gida ɗaya ne da maramiyya, duba karansu mai kusurwa huɗu da ganyensu biyu-biyu masu fuskantar juna. Duk kuskuren da za ka yi, kuma za ka yi, ka yi shi a kansu. Sai ranar da ka dasa kwalba 10 aka wayi gari bayan mako biyu 7 ko 8 suna nan garau, sannan ka kai reza jikin mai tsadar. Ita kuma uwar, a samo ta daga gandun rainon tsirrai da aka sani, kada a sayi wadda aka tugo daga daji. In daga waje za a shigo da ita Nijeriya, sai da izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ta fito.

Kayan aiki

Babban ɗakin bincike yana da tebur mai hura tatacciyar iska da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta miliyoyi. Kai abin da kake bukata bai kai nan ba. Tukunyar firesha ta girki, wadda ke kai digiri 121, ta isa. A madadin teburin iska, nemi babban akwatin roba mai garai-garai, ka kifa shi a kan tebur, ka huda ƙofofi biyu a gefe daidai shigar hannu. Amfaninsa shi ne iskar cikinsa ba ta motsi, don haka ƙura ba ta yawo a kan aikinka. Sai kwalaben gilashi masu faɗin baki, kwalbar Bama da aka wanke ta yi daidai. Sai dogon hantsaki, da reza ko wuƙar tiyata, da takardar foyil, da sirinji na mililita 1 da na 10, da ƙaramin sikeli mai iya auna kashi ɗaya cikin 100 na giram, da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami, ko na'urarsa, da bilic, da sifirit, da tataccen ruwa.

Abubuwa huɗu ne sai ka je wurin masu sayar da kayan ɗakin bincike: garin MS mai bitamin a ciki, garin aga mai daskarar da abincin, da sinadaran girma biyu, BAP da IBA. BAP shi ke tayar da toho, IBA shi ke jawo saiwa. Skoog da abokin aikinsa Carlos Miller ne suka nuna a 1957 cewa rinjayen ɗayan irin waɗannan sinadarai a kan ɗayan shi ke sa tsiro ya fitar da ganye ko ya fitar da saiwa, kuma a kan wannan aikin duka yake tafiya.

Ba a auna waɗannan biyun da sikeli kai tsaye, domin abin da ake bukata bai kai ƙwayar gero ba. Auna miligiram 100 na BAP, ka narkar da shi da 'yan ɗigon ruwan soda mai ƙarfi, wato NaOH, ka cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100. Yanzu kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram ɗaya. IBA ma haka, sai dai shi yana narkewa da 'yan ɗigon sifirit. Rubuta suna da kwanan wata a jiki, ka sa a firji inda yara ba sa kaiwa.

Haɗa abincin

Don lita ɗaya, zuba tataccen ruwa mililita 800 a mazubi. Sa garin MS giram 4.4, ka juya ya narke. Sa sukari giram 30, na kanti ma ya yi. Ja mililita ɗaya na ruwan BAP da sirinji ka zuba, ko rabin haka in kana son ka bi a hankali. Cika ruwa ya kai lita, sannan ka gwada pH. Abin da ake nema 5.7 zuwa 5.8. In ya yi ƙasa ɗiga ruwan soda, in ya yi sama ɗiga ruwan khal, ɗigo ɗaya-ɗaya kana juyawa kana gwadawa. Kada ka raina wannan mataki. In tsami ya yi yawa abincin ba zai daskare ba, in kuma ya yi kaɗan tsiron ba zai iya shan ƙarfen da ke ciki ba, sai ka ga ganye yana ɗorawa.

A ƙarshe sa aga giram 8, ka ɗora a wuta kana juyawa har ruwan ya yi garau. Zuba mililita 25 zuwa 30 a kowace kwalba, lita ɗaya za ta ba ka kwalba 33 zuwa 40. Ɗora murfi amma kada ka ɗaure shi tam, ka lulluɓe da foyil.

Jera kwalaben a tukunyar firesha a kan wani abin da zai ɗaga su daga gindin tukunya, da ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa biyu a ƙasa. A tare da su sa kwalabe uku ko huɗu na ruwa zalla don ɗauraya, da hantsaki da reza da 'yan takardu a naɗe cikin foyil. Lissafin minti 20 yana farawa ne daga lokacin da tukunya ta fara huci sosai, ba daga kunna wuta ba. Kashe wuta ka bar tururin ya sauka da kansa. In ka matsa masa ya fita da ƙarfi, abincin zai tafaso ya ɓata bakin kwalabe, kuma nan fumfuna ke samun hanyar shiga. Da sun huce sai ka ɗaure murafen, abincin zai sandare kamar agidi. Ajiye su kwana huɗu ko biyar ba ka dasa komai ba. Duk wadda ta nuna wani abu a kanta, dahuwarta ba ta yi ba.

Uwa da wankanta

Wanka na gaskiya yana farawa mako biyu ko uku kafin yanka. Ɗauke tukunyar uwar ka kai ta ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya dukanta, ka riƙa ba ta ruwa a gindi kawai ban da ganye. Datse kawunan rassanta don ta fitar da sabon toho. Wannan sabon, mai taushi amma ba ruwa-ruwa ba, shi ake so. Tsohon reshe mai itace ya tara datti na watanni, wanda ya fara fure kuma hankalinsa ya tafi ga fure.

Da safe ka yanko reshe, ka cire ganyen ka bar ɗan guntun hannun kowanne don ya kare idon da ke hammatarsa. Daddatsa shi gaɓa-gaɓa, kowane yanki kamar santimita 3 da gaɓa ɗaya a tsakiya. Kowace gaɓa ido biyu gare ta.

A nan ne maramiyya ke nuna halinta. Farin da kake gani a jikinta gashi ne ƙanana cunkus, ga kuma maiƙo mai danƙo. Gashin yana riƙe kumfar iska, ƙwayoyin cuta su laɓe a ƙarƙashinta bilic ya wuce ta kansu. Saboda haka fara da wanke yankunan da ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, kana girgizawa, sannan ka bar ruwan famfo yana bi ta kansu kamar minti 20. Daga nan ka jiƙa su minti 15 a ruwan da aka narkar da bitamin C miligiram 100 da ɗan tsami, wato sitirik asid, miligiram 150 a lita. Amfanin wannan zai zo a gaba.

Sauran aikin a cikin akwati za a yi. Rufe taga, kashe fanka, wanke hannu har gwiwa, sa takunkumi, ka goge akwatin da duk abin da zai shiga da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. In naka na kashi 95 ne, awo uku na sifirit da awo ɗaya na ruwa. Tsoma yankunan a sifirit ɗin daƙiƙa 30, kada ka wuce. Mayar da su cikin ruwan bilic: in kwalbar ta ce kashi 3.5, awo ɗaya na bilic da awo huɗu na ruwa, da ɗigon sabulu ɗaya. Minti 10 zuwa 15 kana girgizawa. Sannan ɗauraya sau uku a dafaffen ruwan nan, kowace ɗauraya a sabuwar kwalba, minti uku-uku.

Lokacin bilic ɗin ciniki ne tsakanin asara biyu. In ka gajarta, fumfuna ta ci. In ka tsawaita, idon ya ƙone. Raba yankunan gida uku, wasu minti 10, wasu 12, wasu 15, ka rubuta a jikin kwalba. Zagaye ɗaya zai gaya maka abin da uwarka ke jurewa. Gargaɗi biyu kuma: kada bilic ya haɗu da khal ko wani abu mai tsami, hayaƙin da ke fita guba ne. Kada kuma ka kunna wuta a cikin akwatin da ka fesa wa sifirit.

Dasawa

Ɗora yankin a kan dafaffiyar takarda, ka yanke kai da gindi inda bilic ya farar da su, ya rage santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Buɗe kwalba a karkace, ka kafa gindin a cikin abincin, gaɓar tana sama kaɗan da shi. Kula da inda ne sama, domin in ka kifa shi ba zai yi ba. Rufe nan take. Kada hannunka ya ratsa ta saman buɗaɗɗiyar kwalba, kada ka yi magana, kuma bayan kowane yanki ka tsoma hantsaki da reza a sifirit ka bari su bushe. A wannan zagaye na farko yanki ɗaya a kwalba ɗaya, don kada mai cuta ya ja lafiyayye su tafi tare.

Jera kwalaben a kanta ƙarƙashin farar fitilar LED, tazarar kamu ɗaya da rabi, awa 16 haske awa 8 duhu, zafi tsakanin digiri 23 da 27. Wannan zafin ne matsalarmu. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya zai dafa maka su a kwalba. Wanda ba shi da tsayayyar wuta ko sola ya fara a Nuwamba, ya ci moriyar sanyin hunturu, amma ya san cewa ƙurar hunturu abokiyar gaba ce, sai an toshe kowace kafa ta ɗakin.

Mako biyun farko na duba ne. Fumfuna tana fitowa kamar auduga, fara ko koriya ko baƙa, yawanci cikin kwana uku zuwa bakwai. Bakteriya kuma kamar yauƙi ko madarar da ta zube a gindin yankin. In abin daga jikin tsiron ya taso, wankan ne bai yi ba. In daga wani gefe na abincin ne, hannunka ne ko iska. Ko wanne ne, kada ka buɗe kwalbar a ɗakin. Mayar da ita tukunyar firesha a rufe, ka dafa, sannan ka zubar.

Akwai kuma abin da ba cuta ba ne amma yana kisa. Za ka ga abincin da ke kewaye da gindin ya koma launin shayi. Maramiyya tana cike da sinadarai masu ɗaci, su ne ma tushen maganinta, kuma in an yanke ta sai su zubo su haɗu da iska su yi duhu, kamar yadda yankakken dankali ke yi. Wannan ruwan yana kashe yankin da ya fitar da shi. Jiƙon bitamin C da aka yi ɗazu don haka ne. In duk da haka ya yi, ɗauke yankin ka mayar da shi sabuwar kwalba bayan kwana biyu ko uku, ka maimaita har ya daina. Ajiye kwalaben a duhu kwana huɗu na farko yana rage shi. Wasu suna sa garin gawayin kemis giram ɗaya a lita, sai dai gawayi ba ya zaɓe, yana tsotse BAP ɗin tare da dattin.

Yawaitawa

Idanun za su kumbura cikin mako ɗaya zuwa biyu, a mako na huɗu ka ga 'yan rassa. Fito da su a cikin akwati, ka daddatsa su gaɓa-gaɓa, ka dasa a sabon abinci, yanzu huɗu ko biyar a kwalba tunda an tabbatar da tsabtarsu. Haka za ka riƙa yi duk mako huɗu. A takarda, in kowace gaɓa tana ba da huɗu, zagaye shida zai kai ka 4,096 daga gaɓa ɗaya. A zahiri kwalabe da wurin ajiya da haƙurinka za su ƙare kafin nan.

Da ka ga lissafin nan zuciya za ta ce ka ƙara BAP. Kada ka biye mata. Dangin Salvia suna da saurin kamuwa da wani ciwo da ake gane shi da ido: ganye ya kumbura, ya yi sheƙi kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa, kana taɓa shi ya karye. Irin wannan ba ya rayuwa a waje. Yawan BAP da yawan laima a kwalba ke kawo shi. Maganinsa a rage BAP zuwa rabin miligiram ko ƙasa, a ƙara aga zuwa giram 9, a huda murfi a liƙe hudar da filastar asibiti mai numfashi don kwalbar ta riƙa shan iska.

In kuma wani dunƙulen tsoka mara siffa ya fito a gindi, yanke shi ka yar, ko da ya fara fitar da toho. Tsiron da ya fito daga irin wannan dunƙule yakan sauya hali, ƙamshi da ƙarfin maganinsa su bambanta da na uwa. Wanda ya fito daga idon gaɓa shi ne uwar sak. Kuma da yake sak ɗin ne, dubu daga uwa ɗaya tamkar tsiro ɗaya ne, cutar da ta kayar da ɗaya za ta kayar da duka. Mai son ya adana nau'in, ba sayarwa kawai ba, sai ya tara uwaye da yawa daga tushe daban-daban, kowace da lambarta a jikin kwalba da cikin littafi.

Saiwa da fitowa duniya

Zaɓi rassan da suka kai santimita 2 zuwa 3. Abincin saiwa ya fi na farko tsinkewa: MS giram 2.2, sukari giram 20, aga giram 8, IBA rabin miligiram zuwa ɗaya, babu BAP ko ɗigo. Naɗe gindin kwalbar da foyil, saiwa ta fi son duhu. Cikin mako biyu zuwa huɗu fararen saiwoyi za su fito. Da sun kai santimita ɗaya ko biyu a fitar, kada a jira su nannaɗe kwalba su riƙa karyewa a hannu.

An fi yin asara a nan fiye da ko'ina, domin mutum ya ɗauka ya gama. Tsiron kwalba ɗan gata ne. Sukari ake ba shi a baki, ganyensa ba shi da kakin da ke hana ruwa fita, ƙofofin numfashinsa ba su koyi rufewa ba. Minti kaɗan a busasshiyar iska ya isa ya yanƙwane.

Sassauta murfin kwalbar kwana biyu ko uku kafin fitarwa. Ciro shi a hankali ka wanke saiwar da ruwa mai ɗumi har ba sauran aga, domin ɗan abin da ya rage sukari ne, kiran fumfuna da tururuwa. Dasa a ƙaramin kofi mai huda a gindi, cikin haɗin yashin rafi awo biyu da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa ko niƙaƙƙen ɓawon kwakwa awo ɗaya, wanda aka turara a tukunya ya huce. Ban da taki, ban da ƙasar gona. Kifa masa yankakkiyar robar ruwa a kai, ka ajiye a inuwa mai haske.

Wahalar maramiyya a nan ita ce ganyenta yana son laima amma gindinta ba ya son jiƙa. Farar maramiyya 'yar busasshen tudu ce, inda ruwa ke sauka da sanyi, bazara kuma ta wuce ba ɗigo. Saboda haka fesa wa cikin robar ruwa, amma yashin ya tsaya a danshi kawai. Bayan kwana biyar cire murfin robar, bayan wasu kwanaki ɗaga ta awa ɗaya, gobe awa biyu, har a mako na uku a cire gaba ɗaya. Sabon ganye mai kauri da farin gashi shi ne alamar ya kama. Daga nan rana ta safe, sannan cikakkiyar rana, sannan babbar tukunya ko kunya mai tudu wadda ruwa ba ya kwanciya. A ƙasarmu daminar Agusta ce za ta fi ba shi wuya, don haka a bar shi a tukunya ƙarƙashin rumfa har ruwa ya ɗauke.

Ganyen da ke cikin kwalba ba na sha ba ne, ba na turare ba. Man da ke ba shi ƙamshi yana taruwa ne bayan ya sha rana da iska, don haka a bar shi ya shekara a ƙasa kafin a fara tsinka, kuma kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda. Kada kuma ka fitar da kwalabenka duka rana ɗaya. Daga kowace uwa bar biyu ko uku a kanta kana sabunta musu abinci duk wata, har sai 'yan'uwansu na waje sun ga damina ɗaya da rani ɗaya.